An bar jaki ana dukan taiki: abin da toshewar firintar 3D ta koya mini

Daren wata Asabar cikin damina, wajen ƙarfe biyu, ina tsugune a ɗakin baya na gidanmu a Lome, ina haska wata na'ura da fitilar waya kamar mai jinya. Kan na'urar yana ta kai-komo, dama da hagu, yadda aka umarce shi, amma babu ko ɗigon roba da ke fita daga bakinta. Zane take yi a iska. Daga gefenta kuwa wata ƙara ke tashi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana fasa gyaɗa. Duk wanda ya taɓa riƙe firintar 3D ya san wannan ƙarar, kuma ya san yadda take sa gaban mutum ya faɗi.

Abin da ya hana ni barci shi ne alkawari. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Assigamé, wadda muka shekara fiye da goma muna mutunci, ta ba ni aikin maƙalan makulli guda 200, kowanne da sunan ango da amarya, za a raba wa baƙi a bikin 'yarta. Ta biya rabin kuɗi tun ranar Litinin. Cikin kwana uku muka fitar da 60 lafiya lau. Daga ranar Alhamis na'ura ta fara gardama, ga shi biki Asabar mai zuwa. A cikin kwana ukun nan na canza bakin na'urar, wanda ake kira nozul, har sau uku, kuma kowane canji abin sai ƙara lalacewa yake.

Na rubuta wannan ne domin na san 'yan'uwa da yawa a zangunanmu, daga Kwatano zuwa Akara har Duwala, sun fara saya wa 'ya'yansu irin wannan na'ura don su kama sana'a. Kusan kowa da na yi magana da shi kukansa ɗaya: ta toshe. To ni dai abin da na gano da kuɗina da barcina shi ne, sau da yawa nozul ba shi da laifi. Shi ne dai a ƙarshen hanya, shi ido ke gani, sai a ɗora masa.

Yadda na shigo harkar

Ni ɗan kasuwa ne, kayan waya nake sayarwa a wajen Dékon, kuma shekaruna sun haura hamsin. Ban yi karatun injiniya ba. Ɗana na biyu ne ya dame ni da maganar wannan na'ura bayan ya gama sakandare, har na saya masa ɗaya cikin ƙananan da ake kawowa daga Sin. Muna buga maɗorin waya, da maƙalan makulli, da ƙananan kayan roba da suka karye a jikin fanka ko injin markaɗe waɗanda ba a samun su a kasuwa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya nemi rajistar mallakarta a 1989. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap, inda ya saki tsarin ƙera irin wannan na'ura kyauta ga kowa. Da wa'adin rajistar farko ya ƙare a 2009 sai farashi ya karye, har abin ya iso hannun irinmu. A nan Lome ma, a 2013, wani matashi mai suna Afate Gnikou ya haɗa tasa a cibiyar WoeLab da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar. Ke nan abin da aka ƙera da kayan bola a garin nan bai kamata gyaransa ya gagare mu ba.

Hanyar da zare ke bi

Kafin a yi maganar gyara, sai an san hanya. Mu fatake mun sani, idan kaya bai iso shago ba, ba a fara zargin ƙofar shago. Sai a tambaya: ya fita daga tashar jirgi? Mota ta lalace ne? An riƙe shi a iyaka? Haka zaren robar nan yake, yana da tashoshi.

Zaren, wanda ake ce wa filamen, kaurinsa milimita 1.75 ne, an naɗe shi a kan babban kwarkwaro. Kilo ɗaya na nau'in PLA yana kai wajen mita 330. Tasha ta farko ita ce mai tura zare: wani ƙaramin inji mai ƙafa da haƙora, yana cizon zaren yana tura shi gaba. A yawancin ƙananan na'urori daga nan zaren zai shiga wani farin tiyo mai santsi. Tiyon zai kai shi cikin wani ƙarfe mai haƙarƙari kamar na kan injin babur, da ƙaramar fanka tana hura masa iska. Aikin wannan wuri shi ne ya kasance da sanyi. Ƙasa da shi akwai siririn maƙogwaro, sannan ɗan murhu na alminiyam inda wuta ke narka robar. A ƙarshe sai nozul, ɗan ƙarfen tagulla mai huda wadda faɗinta bai wuce milimita 0.4 ba.

Ka ga ke nan, tsakanin inda ake so zare ya zauna da tauri da inda ake so ya zama ruwa, tazarar ba ta kai gaɓar yatsa ba. Idan ya narke kafin ya iso murhu, matsala. Idan ya iso bai narke sosai ba, matsala. Ƙarar ƙwas-ƙwas ɗin nan kuwa, mai tura zare ne yake turawa ya ji an tare shi, sai ya zame baya. Tana gaya maka akwai cikas a hanya, ba ta gaya maka a wace tasha ba.

Gwajin da ya kamata in fara yi

Da na san wannan gwajin tun ranar Alhamis, da ban yi asarar kwana uku ba. Ba ya buƙatar kuɗi, minti biyar ya isa.

Ɗaga kan na'urar sama. Kunna zafi zuwa digiri 210 idan PLA kake amfani da shi. Danne hannun mai tura zare don haƙoran su saki, sannan ka tura zaren da yatsunka a hankali, ka zuba wa nozul ido. Idan robar ta fito da sauƙi, ta sauka miƙe kamar taliya, to nozul lafiyarsa ƙalau, ka koma baya ka duba mai turawa da kwarkwaro. Idan ta fito siririya, tana lanƙwashewa tana komawa ta manne a jikin nozul, akwai ɗan datti da ya tare gefen huda. Idan kuma ka tura da ƙarfi ko motsi ba ta yi ba, to an toshe gaba ɗaya. Sai ka zaro zaren ka dubi bakinsa, don shi ne zai ba ka labari. In ka ga ya kumbura ya yi ƙulli sama da inda ya kamata ya narke, toshewar a maƙogwaro take, ko nozul goma ka canza ba za ta tafi ba.

Abu na biyu shi ne lura da lokaci. Matsalar tana nan tun daga layin farko, ko kuwa sai na'ura ta yi aiki na wani lokaci take farawa? Tawa takan fara da kyau, ta yi kamar minti arba'in, sannan robar ta riƙa raguwa har ta ɗauke. Duk sanda na tsaya canza nozul, na'urar takan huce, in na kunna sai ta sake yin minti arba'in ɗinta. Ni kuma sai in ce ai ka gani, nozul ne, wannan sabon ma jabu aka sayar mini. Ɗana ya ce, "Baba, ni fa ina ganin ba nozul ba ne." Na ce masa da kuɗin wa aka sayi na'urar? Ya yi shiru ya fita. Allah Ya yafe mini, wannan maganar ta fi asarar robar ciwo daga baya.

Idan da gaske nozul ne

Akwai lokacin da dattin yana cikin nozul ɗin. Ƙura kan bi zare ta shiga ta ƙone. Robar da aka bari a kan wuta na tsawon lokaci ba a bugawa takan dahu ta zama baƙin gawayi. Haka kuma idan ka yi aiki da PETG, wanda ke son zafin 230 zuwa 250, sannan ka koma PLA mai son 190 zuwa 220, ragowar na farkon ba za ta narke a sabon zafin ba. Maganin wannan shi ne, duk sanda za ka yi irin wannan sauyi, ka tura sabon zaren a zafin tsohon har sai launinsa ya fito tsaf, sannan ka rage wuta.

Matakin farko na sharewa allura ce. Ana sayar da wasu siraran allurai tare da na'urar, kaurinsu bai kai 0.4 ba. Sai nozul ya yi zafi ake soka ta daga ƙasa, a yi sama da ƙasa sau kaɗan, sannan a tura zare a gani. Kada a ɗauko allurar ɗinki ta uwargida, ta fi hudar kauri, kuma tagulla ba ta da tauri, za ka buɗa bakin ka lalata shi. Ka kuma sani allura ba ta fitar da datti, tura shi gefe kawai take yi, yana iya dawowa.

Abin da ke fitar da shi shi ne jan sanyi. Ga yadda muke yi. Muna samun farin zare ko mai haske, don a ga abin da ya fito. A kai zafi 210, a tura zaren da hannu har ya fara fita. Sai a kashe wutar murhu kawai, fanka tana ci gaba da aiki, a riƙa ɗan danna zaren yayin da zafi ke sauka don ya cika cikin nozul. Idan allo ya nuna wajen digiri 90, sai a danne hannun mai turawa a fizgo zaren da ja ɗaya mai ƙarfi. A wannan zafin robar ta yi kamar ƙaro, ba ruwa ba ce kuma ba ta daskare ba, sai ta kwaso dattin a jikinta. Dubi bakin abin da ka zaro: za ka ga baƙaƙen ɗigo, kuma idan an yi daidai zai fito da siffar cikin nozul, da ɗan tsini a ƙarshe. Yanke wurin ka sake, sau uku ko huɗu, har ya fito fari. Wanda ke da zaren nailan ya fi kyau a wannan aiki don ba ya saurin tsinkewa, sai dai zafinsa ya fi haka.

Masu cewa a jiƙa nozul cikin ruwan asiton, irin na goge jan farce, su sani robar ABS yake narkarwa. Bai cika yi wa PLA komai ba.

Kuskuren da na yi da hannuna

Nozul ba shi da tsada, canza shi ba laifi ba ne. Laifin a yadda na canza yake. Don tsoron ƙuna, da sanyi na kwance shi na ɗaura sabo. A irin na'urarmu farin tiyon nan yana sauka ne har ya dafa bayan nozul, baki da baki, ba a son ko ɗan sarari tsakaninsu. Da na ɗaura da sanyi, ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, sai aka sami ɗan gibi. Narkakkiyar roba ta shiga gibin ta taru ta zama kamar zobe, tana shaƙe zaren da ke wucewa. Wato na je gyaran matsala ɗaya na haifo ta biyu.

Yadda ake yi daidai shi ne da zafi. A kai murhu wajen digiri 230. A riƙe murhun da sifana ɗaya don kada ya juya ya tsinke siraran wayoyin da ke jikinsa, a kwance nozul da ta biyu. Gab da sa ƙarfe a wurin ya kyautu a kashe na'urar daga makunni, don kada sifana ta haɗa wayoyi, sai a yi aikin da hanzari kafin ya huce. A zaro tiyo a dubi bakinsa. Idan ya yi baƙi ko ya tsuke, a yanke wurin da reza, yanka miƙaƙƙe ba karkatacce ba. A ɗaura sabon nozul har ya tsaya, a dawo da shi baya kamar juyi ɗaya, a tura tiyo ƙasa har ya dafa shi, a kulle maƙallinsa. Sannan a sake kunna zafi a ƙarasa ɗaure nozul, shi zai matse bakin tiyon ya rufe gibin. Ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo, yana iya karyewa a ciki. Bayan haka a sake daidaita tazarar faranti da takarda, don sabon nozul ba lallai tsayinsa ya zo ɗaya da tsohon ba.

Wannan farin tiyo yana fara lalacewa idan zafi ya kai wajen 250, kuma hayaƙinsa ba shi da kyau ga mutum, ga tsuntsaye kuwa yana iya kisa. Masu kiwon kanari ko tattabaru kusa da ɗakin aiki su kiyaye.

Ainihin jakin

Ranar Lahadi bayan sallar asuba na je na ƙwanƙwasa wa yaron ƙofa. Na ce masa, zo ka nuna mini abin da kake gani. Bai ce komai ba, ya ɗauko sukudireba ya kwance murfin gaban na'urar. Ya kunna, ya ce, "Baba, duba." Fankar da ke hura wa ƙarfe mai haƙarƙari iska tana juyawa ne da ƙyar, kamar mai jin barci. Fukafukanta sun yi kauri da jar ƙurar hunturun da ya wuce, danshin damina ya zo ya mayar da ita laka. Tsakanin haƙarƙarin ma duk ya cushe.

Ga abin da ke faruwa. PLA, wanda ake yi daga sitacin masara ko rake, yana fara laushi tun wajen digiri 60, nesa da zafin da yake narkewa. Idan fanka ba ta aiki sosai, zafin murhu yana hawa sama sannu a hankali ta maƙogwaro. Bayan rabin awa ko fiye, wurin da ya kamata ya yi sanyi ya ɗumama, zare ya yi laushi tun bai iso murhu ba, mai turawa ya danno shi, sai ya kumbura ya cije. Shi ya sa take fara aiki da kyau sannan ta mutu. Muka goge fankar da tsohon burushin haƙori, muka hure haƙarƙarin, daga baya na sayi sabuwar fanka na sa.

Wannan matsala tana da 'yar'uwa da ta shafe mu musamman, wato ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar aiki, fanka ta tsaya nan take, murhu kuwa yana nan da zafinsa na 200, zafin zai haura ya narka zare a maƙogwaro ya daskare a can. Don haka idan wuta ta dawo kada ka ce ci gaba kawai. Kai zafi, tura zare da hannu ka tabbatar yana fita. Mai hali ya sa wa na'urar batirin ajiyar wuta irin na kwamfuta. Kuma ko da wuta lafiya, in ka gama aiki kada ka kashe makunni sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 50. Haka nan kada a rufe na'ura cikin akwati ko ɗaki marar iska idan PLA ake bugawa, musamman a watannin zafi.

Laimar bakin teku

Da muka gyara fanka da gibin tiyo, roba ta dawo tana fita, amma aikin ba kyau. Jikin maƙalan ya yi ƙuraje, ga zare-zare kamar saƙar gizo tsakanin haruffa. Yaron ya ce in kasa kunne kusa da nozul. Sai na ji tas, tas, ƙasa-ƙasa, kamar an yayyafa ruwa a man suya. Ruwa ne a cikin zaren. Kwarkwaron ya yi makonni a buɗe kusa da taga, ana ta ruwan watan Yuni.

Wanda ya taso a Katsina ko Maraɗi ba ya kawo wannan a ransa, don a can abu bushewa yake yi in an ajiye shi. A bakin teku kuwa ko gishiri ka bari a buɗe sai ya jiƙe. Zaren nan yana shan laimar iska. Idan ya shiga murhu, ruwan ya zama tururi ya fashe, robar ta riƙa fita da gibi-gibi. Tsohon PLA da ya sha laima yakan kuma yi gautsi, ya karye a cikin tiyo, mai turawa ya yi ta juyawa a banza. PETG ya fi PLA shan ruwa, nailan kuwa ya fi su duka.

Akwai akwatin busar da zare na musamman da ake sayarwa, amma ranar ba mu da shi. Muka kwantar da kwarkwaron a kan farantin na'urar, muka kunna zafin farantin zuwa 50, muka kifa kwali a kai bayan mun huda masa ƙananan ramuka a sama don tururi ya fita. Awa shida muka bar shi, muna juya shi. PLA 45 zuwa 50 yake so, PETG wajen 65. Kada a sa a tandar gas ta girki, zafinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, kada kuma a shanya a kan rufin kwano ko a bari cikin mota a rana. Da ya wuce 60 zaren zai manne da juna, kilo guda ya tafi. Yanzu duk zarenmu a cikin bokiti mai murfi yake kwana, tare da ƙananan ƙunshin ƙwayoyin silika irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko na waya. Ni da nake zubar da su kullum a shago, yanzu tara su nake.

Ƙananan abubuwa da ake mantawa

Akwai wasu da ba su same mu a wancan makon ba amma sun same mu daga baya, duba su ba ya cin lokaci. Zare kan harɗe a kan kwarkwaro idan an saki bakinsa ya shige ƙarƙashin wani naɗi, don haka in ka cire shi ka soke bakin a ramin gefen kwarkwaro. Haƙoran mai turawa kan cika da garin roba su daina cizo, burushi ya isa. A na'urorin da hannun mai turawa na roba ne, yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai matsi ya ragu, a kwance a duba, in ya tsage a sa na ƙarfe. Idan nozul ya matse faranti da yawa a layin farko, robar ba ta da wurin fita, takarda ɗaya ya kamata ta wuce tsakaninsu tana ɗan gogawa. Idan ka ƙara gudu ba ka ƙara zafi ba, murhu ba zai iya narkar da zaren da saurin da ake turo shi ba, ƙara digiri biyar ko goma ko ka rage gudu. A manhajar da ke shirya aiki akwai wurin da ake sa yawan janye zare baya idan kai zai yi tsalle. In ya yi yawa yana jawo narkakkiyar roba zuwa wurin sanyi. Na'ura mai dogon tiyo milimita 4 zuwa 6 ya ishe ta, wadda mai turawarta ke zaune a kan kai kuwa kada ta wuce 2.

Don ƙurar hunturu, yanki ɗan soso ka tsaga shi ka maƙala a kan zare kafin ya shiga mai turawa. Bayan mako guda ka buɗe ka ga abin da ya tare, za ka yi mamaki. Zare mai haɗin garin katako ya fi son nozul mai faɗin 0.6. Mai haɗin kabon ko mai haske cikin duhu kuwa yana cinye tagulla da sauri, sai da nozul na ƙarfe mai tauri.

Ga iyaye mata da ke karanta wannan: bakin na'urar nan ya fi man suyar ƙosai zafi, kuma ba ya ja ba ya hayaƙi balle yaro ya gane. A ɗora ta inda hannun ƙanana ba ya kaiwa, a bar taga a buɗe, kada kuma a kulle gida a fita a bar ta tana aiki.

Yadda muka ƙare da Hajiya

Ranar Lahadin da yamma, zare yana kan faranti yana bushewa, na tafi gidan Hajiya. Na ce mata, "Hajiya, gara ki ji daga bakina. Sittin ne a hannu, na'ura ta ba mu wahala, mun gano ciwon, amma ban da tabbacin za mu cika 200. In kina so in dawo miki da kuɗinki ki nemi wani abin rabon tun da sauran lokaci, ga shi na zo da su." Ta dube ni ta ce, "Alhaji, mayar da kuɗin aljihu. Abin da ya samu zuwa Juma'a ka kawo. Da ka yi shiru har ranar ne da mun ɓata."

Daga Litinin muka raba dare biyu, ni daga isha'i zuwa ƙarfe biyu, yaron daga nan zuwa safe. Goma-goma muke bugawa, sau uku a yini. Wuta ta ɗauke sau biyu, kowane karo muka yi gwajin hannu kafin mu ci gaba, muka yi asarar faranti ɗaya kacal. Ranar Juma'a bayan la'asar na kai mata 200 cif a cikin kwali.

Nozul ukun da na cire na ce jabu ne suna nan a cikin gwangwanin madara. Yaron ya yi musu jan sanyi ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, duka suna aiki. Yanzu a jikin bangon ɗakin akwai takarda da ya rubuta da hannunsa: fanka, zare, tiyo, mai turawa, sannan nozul. Haka muke bi duk sanda ƙwas-ƙwas ta tashi, kuma in ya ce ga inda ciwon yake, nakan bari ya gama magana.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuriya.